Tsoffin kaɗe-kaɗen Hausa na kudancin Nijar: rabe-rabensu da abin da suka bar wa kiɗan yau

1. Gabatarwa

A wannan ƙasida muna son mu duba tsoffin kaɗe-kaɗen Hausa na kudancin ƙasar Nijar, wato na Katsinar Maraɗi da Gobir da Damagaram da Adar da Arewa, mu ga yadda aka tsara su a da, sa'an nan mu bi sawun abin da ya wanzu daga cikinsu. Sau da yawa ɗalibbai masu shirya kundin bincike sukan raba kiɗa gida biyu, na gargajiya da na zamani, kamar dai na farko ya mutu ranar da aka haifi na biyu. A ganinmu wannan rabo yana ɓoye abu mafi muhimmanci. Kayan kiɗa sun sake, iyayen gidan makaɗa ma sun sake, amma tsarin da ya haɗa makaɗi da wanda yake yi wa kiɗa, da kuma ginin waƙar kanta, suna nan da ransu. Za mu fara da ƙa'idar rabon kiɗa, mu bi ta tarihin da ya bambanta yankunanmu da na daular Sakkwato, mu ƙare da abin da ya rage da abin da ke salwanta.

2. Ƙa'idar farko: kowane kiɗa da mai shi

A tsohon tsarin Hausa ba a yin kiɗa don kowa da kowa. Kowane kayan kiɗa yana da rukunin mutanen da ya dace da su, kuma jin sautinsa daga nesa ya isa a san wanda ake yi wa. David Ames da Anthony King sun bi wannan hanya a ƙamus ɗinsu na kalmomin kiɗan Hausa (1971), haka ma Mahaman Garba a kundin digirinsa na dakta kan kiɗan Hausawan Nijar, wanda ya gabatar a Strasbourg a 1992. Muna iya taƙaita rabon zuwa gida huɗu.

Gida na farko shi ne kiɗan fada. A nan ake samun tambari, babbar ganga mai fuska ɗaya wadda ake bugawa ranar naɗin sarki da lokacin sallah, da kakaki, dogon abin busa na ƙarfe da ya kan wuce mita 2, da farai da ƙaho da algaita da kuge. Akwai kuma ƙananan ganguna na mawaƙan sarki, kamar kotso da taushi da banga da jauje. Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci ya danganta shigowar kakaki da zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499), abin da ke nuna cewa tun ƙarni na 15 sarakunan Hausa suna keɓe wa kansu wasu sautuka. Talaka, kome dukiyarsa, ba a busa masa kakaki.

Gida na biyu shi ne kiɗan sana'a. Kalangu na mahauta ne tun asali, dundufa ta maƙera ce, gangar noma ta manoma ce, komo da babbar garaya na mafarauta ne. Ƴan dambe da ƴan kokowa da ƴan tauri su ma kowane da makaɗansa. Aikin kiɗa a nan shi ne zuga: a gonar gayya, makaɗi yana bin bayan masu noma yana kiran sunan wanda ya yi gaba, yana yi wa wanda ya rage a baya habaici.

Gida na uku shi ne kiɗan bori, inda garaya da goge da ƙwarya da buta suke aiki. Kowane iska yana da nasa kiɗa da nasa kirari, kuma sai an kaɗa masa nasa yake hawan dokinsa.

Gida na huɗu shi ne kiɗan mata da na samari: shantu da ƙwarya a cikin gida, waƙar daka da ta niƙa da ta reno, da waƙoƙin gaɗa na ƴan mata a dandali. Wannan gida shi kaɗai ne ba ya buƙatar makaɗi na gado. Sauran ukun akasari gado ne, ɗa ya ɗauka daga uba, yana farawa da amshi kafin a ba shi ganga.

3. Ganga mai magana

Ba za a fahimci wannan tsari ba sai an tuna cewa Hausa harshe ne mai karin sauti. Kowace gaɓa tana ɗauke da karin sama ko na ƙasa ko mai faɗuwa, wasali kuma gajere ne ko dogo. Alal misali kalmar da muke rubutawa baba: da karin ƙasa-sama uba ce, da karin sama-ƙasa uwa ce ko gwaggo, da karin sama-sama kuwa shukar rini ce. Gangar da ke iya sake murya, kamar kalangu wanda ake matse tsarkiyarsa a hammata a sassauta, tana iya maimaita karin jimla da tsawon gaɓoɓinta ba tare da an furta kalma ko ɗaya ba.

Daga nan take ya samo asali. Take gajeren zance ne da aka keɓe wa mutum ko sarauta ko sana'a, ana kaɗa shi ko a busa shi, wanda ya san shi ya fassara. Ya bambanta da kirari, wanda ake faɗa da baki, ko da yake sau da yawa kalmominsu ɗaya ne. Ke nan abin da baƙo yake ji kamar bugu kawai, ɗan gari yana jin suna ne da asali da yabo. Wannan batu yana da muhimmanci ga mai bincike: faifan da aka ɗauka ba tare da an rubuta kalmomin taken ba, rabin shaida ne kawai. In tsohon da ya san fassarar ya rasu, sautin ya rage amma ma'anar ta tafi.

4. Abin da jihadi ya raba

Jihadin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara a 1804 ya shafi kiɗa kai tsaye. A littafinsa Kitab al-Farq, Shehu ya lissafa shagala da ganguna da kayan kiɗa cikin halayen sarakunan Haɓe da ya soka. Malaman jihadi sun yarda da ganga a wurare ƙididdigaggu, kamar yaƙi da sanar da taro da ɗaurin aure. Veit Erlmann ya tattara rubuce-rubucensu kan wannan batu a littafin da ya fitar a 1986. Ba a kashe kiɗan fada a daular Sakkwato ba, domin sarakunan da suka biyo baya sun riƙe tambari da kakaki. Abin da aka yanke shi ne alaƙar da ke tsakanin fada da bori a hukumance.

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da korar sarakunan Katsina, gidajen sarautar da aka ci da yaƙi sun yi arewa. Zuriyar Katsina ta zauna Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Ƙasawa, ta Gobir kuma ta kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Sun taho da sarautunsu da makaɗansu da al'adunsu na kafin jihadi. Shi ya sa a Maraɗi aka ci gaba da naɗa Iya, a Tsibiri kuma Inna, mace daga gidan sarauta wadda ke shugabantar ƴan bori, tana da fadarta da makaɗanta. Guy Nicolas da Jacqueline Monfouga-Nicolas, waɗanda suka yi aiki a kwarin Maraɗi cikin shekarun 1960, sun bayyana wannan tsari dalla-dalla, tare da bikin dubu da ake yi wa manomin da ya samu dami dubu ya zama sarkin noma. Don haka mai neman sanin yadda fadar Hausa take sauti kafin 1804, a Maraɗi da Tsibiri zai fi samun abin kwatance.

Damagaram ta bi wata hanya. Ta kasance ƙarƙashin Borno, ta bunƙasa zamanin Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ta zama mahaɗar ayarin Tarabulus da Kano. Kiɗan fadarta ya ɗauki kamannin na Barebari, inda algaita da ganga suke kan gaba, sunayen sarautu da yawa ma na Borno ne. A Adar kuwa Hausawa sun daɗe suna zama da Abzinawa, ƙasar ta kasance ƙarƙashin gidan sarautar Agadas tun ƙarshen ƙarni na 17, kuma kayan kiɗa masu tsarkiya, goge da gurmi da molo, sun samu gindin zama. A Arewa, wajen Dogondutsi da Lugu, da kuma ƙasar Ƙonni, inda Azna suka daɗe da riƙe addininsu, kiɗan bori da na bukukuwan shekara kamar buɗin daji ya fi ƙarfi. Waɗannan bambance-bambance na rinjaye ne kawai. Makaɗi mutum ne mai yawo, kuma iyakar da Faransa da Ingila suka shata a farkon ƙarni na 20 ba ta tsare shi ba. Masu rubuta tarihin Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa, sun danganta asalin mahaifinsa da ƙasar Filinge.

5. Sabbin iyayen gida

Tun da kiɗa yana bin ubangida ne, duk abin da ya taɓa ubangida sai ya taɓa kiɗa. Turawan Faransa sun kama Zinder a 1899, sun rage ikon sarakuna, sun mai da su masu karɓar haraji ƙarƙashin kumandan. Sarkin da ba ya yaƙi ba ya samun ganima, kyautar doki da riga kuma ta ragu. Makaɗan fada ba su watse ba, ana ci gaba da kiɗan sara a ƙofar fada daren Juma'a da hawan sallah, amma da yawa sun fara neman abinci a wajen fada.

Sun same shi a wurare uku. Na farko, ƴan kasuwa. Cinikin gyaɗa, sa'an nan fataucin kaya tsakanin Nijar da Nijeriya, sun haifar da alhazan Maraɗi da Emmanuel Grégoire ya yi nazari a kansu a 1986. Alhaji ba a busa masa kakaki, amma ana yi masa kalangu da goge da gurmi, kuma yana iya ba da mota ko kujerar Makka inda sarki ya kan ba da doki. Ta haka kalangu ya fita daga hannun mahauta ya zama kiɗan jama'a. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, shi ne babban misali, kuma an saurare shi a Maraɗi da Zinder kamar yadda aka saurare shi a Katsina.

Na biyu, jam'iyyun siyasa. Tun shekarun 1950, lokacin hamayyar RDA da Sawaba, kowace jam'iyya ta nemi mawaƙanta, maza da mata. Yabon sarki ya koma yabon ɗan takara, zambon da ake yi wa ɗan sarki mai neman gadon sarauta ya koma kan abokin hamayya. Bayan taron ƙasa na 1991 da dawowar jam'iyyu barkatai, wannan kasuwa ta sake buɗewa.

Na uku, gwamnati. An buɗe radiyon Nijar a 1958, kuma ma'aikatansa sun yi ta ɗaukar makaɗan karkara. Tolia Nikiprowetzky ya ɗauki kaɗe-kaɗen Nijar a farkon shekarun 1960, aka fitar da su a faifan OCORA. Zamanin Seyni Kountché (1974-1987) an farfaɗo da samariya, aka kafa bikin matasa na ƙasa inda jahohi suke gasar waƙa da rawa. A nan ne aka ɗauki waƙoƙin dandali da na gayya aka ɗora musu saƙon hukuma: haɗin kan ƙasa, dashen itatuwa, yaƙi da jahilci. Ma'azu Ɗan Alalo, makaɗin fadar Damagaram, ya yi wa sarki waƙa ya kuma yi wa shugabannin ƙasa, da salo iri ɗaya.

6. Abin da ya wanzu

Misali mafi bayyana shi ne kokowa. A da wasa ne na kaka, bayan an gama girbi, gari da gari. A 1975 aka fara gasar ƙasa a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya yi nasara, kuma daga baya aka sa takobi ya zama lada. Yau ana kallonta a talabijin, kamfanoni suna zuba kuɗi, amma ɗan kokowa ba ya shiga fili sai an kaɗa masa takensa, ya yi kirari, makaɗa su zuga shi. Wannan kiɗan sana'a ne na gida na biyu, ya koma abin da ƙasa duka ke saurare a mako guda.

Misali na biyu shi ne kiɗan zamani na Nijar. Gasar da aka kafa a Tawa cikin shekarun 1980 don ƙarfafa ƙungiyoyin kiɗan zamani, sunan Ɗan Gurmu aka ba ta, makaɗin gargajiya na Adar. Cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya, da aka buɗe a Yamai a 1989, ta tattara tsoffin kayan kiɗa ta kuma haɗa makaɗan gado da masu jita. Malam Maman Barka, malamin lakkwal ɗan asalin Tesker wanda ya rasu a 2018, ya yi suna da gurmi yana waƙa da Hausa, alhali shi ba ɗan makaɗa ba ne. Wannan ya nuna wani canji na gaske: an raba kayan kiɗa da gado.

Misali na uku ya fi ɓoyuwa, domin yana cikin ginin waƙa. Waƙar makaɗan Hausa tana da gindi, wato layin da ƴan amshi suke maimaitawa, da ɗiya waɗanda jagora yake jerawa a tsakani. In muka saurari waƙoƙin finafinan Hausa da suka yaɗu daga Kano tun shekarun 1990, ko waƙoƙin siyasa da na biki da ake haɗawa da fiyano a situdiyon Maraɗi da Zinder, za mu tarar da gindi da ɗiya, da jerin sunayen waɗanda ake gaisarwa, da ambaton asali, da habaici ga maƙiyi wanda ba a faɗi sunansa ba. Sautin kalangu ma yana nan, sai dai daga cikin na'ura yake fitowa. Ƴan rap na Yamai da suka fito a ƙarshen shekarun 1990, irin su Kaidan Gaskiya, sun ɗauki kiɗansu daga waje, amma dabarar faɗa wa mai iko magana a kaikaice ta gida ce. Hatta masu begen Annabi da mandiri suna bin tsarin jagora da amshi.

7. Abin da ke salwanta

Ba dukan gidajen huɗu ne suka tsira daidai ba. Kiɗan bori ya fi shan wahala. Wa'azin ƴan Izala, ƙungiyar da aka kafa a Jos a 1978 wadda ta yaɗu a Maraɗi cikin shekarun 1980, ya sa mutane da yawa sun janye daga gare shi, kuma a tarzomar Nuwamban 2000 a Maraɗi an kai wa wuraren ƴan bori hari. Adeline Masquelier ta bayyana irin wannan ja da baya a Dogondutsi a littafinta na 2001. Ba aikinmu ba ne a nan mu yanke hukuncin addini. Abin da ya shafe mu shi ne kirarin iskoki taska ce ta tsohuwar Hausa, cike da sunayen itatuwa da dabbobi da sarautu da cututtuka, kuma masanin harshe da masanin tarihi duka suna buƙatarta.

Kiɗan sana'a ma ya raunana inda sana'ar ta raunana. Fari na 1973-1974 da na 1984-1985, da ƙarancin gonaki, da tafiya cin rani, sun rage gayya. Dajin farauta ya ƙare a wurare da yawa. Injin niƙa ya ɗauke waƙar niƙa, domin matar da ba ta durƙusa kan dutse ba ba ta da dalilin rera ta. A bukukuwan birni, mai na'urar sauti guda ɗaya ya fi ƙungiyar makaɗa 6 ko 7 arha. A fada kuma, ana busa kakaki har yanzu, amma masu fassara take suna raguwa, har cikin ƴaƴan sarauta.

8. Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna iya fitar da abu uku. Na ɗaya, tsohon kiɗan Hausa tsari ne na dangantaka tsakanin makaɗi da ubangida, kuma wannan dangantaka ce ta ratsa mulkin mallaka da mulkin soja da zamanin jam'iyyu, tana sake ubangida kawai. Na biyu, kudancin Nijar yana riƙe da wani ɓangare na tarihin kiɗan Hausa da jihadi ya sake wa kama a kudu, saboda haka nazarin da ya tsaya a Kano da Sakkwato bai cika ba. Na uku, abin da ya fi shiga haɗari shi ne ilimin da ke bayan sauti: kalmomin take, da wanda ya cancanci wane kiɗa, da dalilin haka.

Wannan ya ɗora wa sashenmu aiki. Akwai faifai da kaset a gidan radiyon ƙasa da IRSH da CELHTO waɗanda aka ɗauka tun shekarun 1960. Mai da su cikin kwamfuta wajibi ne, amma bai isa ba. Ana buƙatar ɗalibbai su koma da su Tsibiri da Maraɗi da Zinder da Illela da Dogondutsi, su saurare su tare da tsoffin makaɗa, su rubuta kalmomin da karin sautinsu, su fassara su zuwa Faransanci, su kuma bar kofi a hannun iyalan da suka ba da su. UNESCO ta shigar da kiɗan imzad na Abzinawa cikin jerin gadon ɗan Adam a 2013, da wasan taubasai na Nijar a 2014, da hawan sallar Kano a 2024. Kiɗan fadojin Katsinar Maraɗi da Gobir da Damagaram ya cancanci irin wannan kundi, kuma ba za a iya shirya shi ba sai an fara da rubuta take ɗaya bayan ɗaya, tun masu fassara shi suna da rai.